Fankoki Goma, Suna Ɗaya

Wallahi na san ba za ku yarda ba. Ko me na dafa na rantse, sai wani a cikinku ya ce na ƙara gishiri, alhali kuwa duk faɗin Tudun Wadan Zariya ba a taɓa kama ni da ƙarya ba, iyakaci a zarge ni. To ku matso, ku kife wayoyin nan, don a ƙarshen zancen akwai shari'ar da za ku yanke, kuma ba na son wani ya zo yana ce mini bai ji farko ba.

An yi wani matashi ana ce masa Sallau. Shi dai da bakinsa Injiniya yake kiran kansa. Ya taɓa shiga makarantar koyon gyaran na'ura, ya yi zango biyu, ya duba ya ga wai malaman ba su da sauran abin koya masa, ya rataya jakarsa ya dawo zauren gidansu ya kafa tebur. Ba za a ce bai iya komai ba. Yana canza gilashin laftof, yana zuba wa mutane manhaja, yana ɗinke wayar caja. Amma inda hannunsa ya tsaya, daga nan bakinsa yake ɗauka ya ci gaba. In ya gyara rediyo da safe, kafin la'asar labari ya zama tashar ce gaba ɗaya ya tayar. Duk da haka ba mai ƙin sa, don in ya samu kowa ya samu, in bai samu ba kowa ya sha dariya.

Matarsa Balaraba tana da cikin fari, aka zo aka ɗauke ta goyon ciki zuwa gidan iyayenta a Sabon Gari. Ranar da Sallau ya raka ta da kaya, surukinsa Baba Mamuda, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, mutum mai magana miƙaƙƙiya kamar layin dogo, ya ja shi gefe.

"Sallau, ina ƙaunarka, Allah ya sani. Amma yarinyar nan da abin da za ta haifa ba baki za su ci ba. In ta yi arba'in, ba za ta koma ba sai na ga ƙofar da kake shiga kullum da safe, wadda ba ta zauren gidanku ba."

"Baba, ai kamfanoni ne ke layi a kaina, zaɓa nake yi."

"To ka zaɓa," in ji Baba Mamuda.

Sallau ya dawo gida, ɗaki ya yi masa faɗi. Ga filon Balaraba, ga madubinta, ita ce babu. Ya san tsohon nan ba ya janye magana. Ko dai ya samu aiki, ko ya zama mai zuwa gaida iyalinsa a zauren wani.

Ana cikin haka sai Hajiya Asabe, mai shagon ɗaukar hoto da haɗa bidiyon biki a bakin titi, ta aika a kira shi. Ƙaninta ne ya aiko mata da kayan sabuwar kwamfuta a kwalaye, ba a haɗa ba. Ga akwati mai bangon gilashi kamar na masu sayar da gwal, ga babban allon da komai ke hawa kansa, wanda ƴan sana'a ke ce wa madabod, ga kuma fankoki goma masu kawo wuta kala-kala.

"An ce kai ne Injiniya," in ji Hajiya, tana kallonsa ta saman tabarau. "To saurara, ɗan nan. Fankokin nan duka su juya, duka su haska. Su ji magana ɗaya: in na ce kore, kada in ga wata ta yi ja, in ana ɗaukar murya su yi mini shiru. Sannan kwamfutar ta haɗa mini bidiyon biki tun daga kamu har buɗar kai ba ta tsaya ba. Ranar Asabar nake so, amare na jira. In ka yi, ga kujera can, taka ce, kai ne mai kula da na'urorin shagon nan. In kuwa ka ƙona mini ko waya ɗaya, kada ko gaisuwa ta sake haɗa mu."

"Goma kawai, Hajiya? Ni da na haɗa arba'in a Abuja?"

Bai taɓa zuwa Abuja ba. Iyakarsa Kaduna, ita ma ta'aziyya ce ta kai shi.

Ya kwashi kaya ya kai zaure. Allo da sauran tarkace duk ya ɗaura su lafiya, fankoki ma ya ɗaure kowace a gurbinta, uku a sama, uku a ƙasa, uku a gefe, ɗaya a baya. Da aka zo kan wayoyi ne ido ya raina fata. Ashe kowace fanka wutsiya biyu gare ta, ɗaya ta juyawa, ɗaya ta haske. Fanka goma, wutsiya ashirin, sun cukurkuɗe a cikin akwati kamar taliyar da aka manta a tukunya. Ya ɗauki wutsiyar haske ɗaya ya duba kanta: ramuka uku, gurbin na huɗu a toshe. Ya duba allo ya ga wani soket mai haƙora huɗu a jere. Ya gwada, ta ƙi shiga. Wani zai ce tun da ta ƙi, akwai dalili. Sallau cewa ya yi, "Dubi aikin kamfani, sun manta ba su huda ba." Ya kunna kyandir da rana tsaka, ya ɗauko allurar ɗinkin Balaraba, ya kama ta da filaya yana gasawa har ta yi ja, zai huda wa fankoki rami na huɗu.

A daidai nan abokinsa Jibrin ya yi sallama. Jibrin mai wayarin ne, shi ke yi wa keke napep da manyan motoci wutar ado, kuma abin da ya kawo shi aron filaya ne, ga keken wani ya baro a buɗe. Ido ɗaya ya yi ya ga allura, ya ga wutsiya, ya ga soket. Bai tsaya magana ba, ya kai hannu ya damƙe jar allurar da tafinsa. Ƙauri ya tashi, amma na fatar Jibrin.

"Kai mahaukacin ina ne?" in ji shi, yana yarfe hannu. "Mai haƙora huɗun nan bolt sha biyu yake bayarwa. Wutar fankokinka bolt biyar take ci. Ka haɗa su, ƙyaf ɗaya za su yi maka su mutu. Kamfani bai manta ba, saboda irinka ya toshe."

"Ai gwada ka nake yi."

"Allah ya saka mini."

Ya ɗaure hannun da hankici, ya haska cikin akwati, ya ɗaga wani tarin wayoyi a gindin allo. Sai ga wani soket ya ɓuya a can, kamanninsa ɗaya da na farko, sai dai shi haƙoransa uku ne da wushirya a tsakani. "Ga naka nan, mai wushirya," in ji Jibrin. Bai koma kan keken da ya bari ba. Da hannu ɗaya da rabi ya zauna ya warware wutsiyoyin nan ashirin, na juyawa ya naɗa musu baƙin tef, na haske ya ɗaura musu farin zare, yadda ko a gigice ba za a musanya su ba. Da Sallau ya ɗauko waya mai rassa zai jona goman a soket ɗaya, Jibrin ya sake buge masa hannu. Ya ce soket jaki ne, ba tirela ba ne, in aka ɗora masa goma bayansa zai karye, ya tafi da allon gaba ɗaya. Ya ce sai an samo hab, wato wata ƴar akwati mai bakuna da yawa wadda ke shan wutarta kai tsaye daga tukunyar wutar kwamfuta, ta rarraba wa kowace fanka rabonta.

Sallau ya dubi hankicin da ke hannun abokinsa, zuciyarsa ta karye. Ya kama shi ya kai bakinsa kunne. "Jibrin, in Allah ya sauki Balaraba lafiya, in namiji ne, sunanka zan sa. Amma ka riƙe a cikinka." Jibrin ya fita yana murmushi, har ya manta da filayar.

A nan sai in gaya muku wani abu, don kada ku ɗauki Sallau mugu. A lokacin da yake faɗa, har zuciyarsa yake faɗa. Sai dai kuma can ƙasan zuciyar akwai wani lissafi. Tsofaffin gidan su Balaraba sun duba ciki sun ce ya yi faɗi, bai yi tsini ba, ga ta da kwaɗayin zaƙi, don haka mace ce ba ko tantama. Shi kuwa alkawarin da aka rataya a kan ɗa namiji, in mace ta zo, ai iska ta ɗauke shi.

Aka shiga neman hab. Sallau ya zaga shagunan Sabon Gari, ya je Samaru, kowa ya ce babu, sai dai a sa a kawo, kuma ba za ta iso ba sai Asabar ta wuce. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya ja ƙafa ya je wurin wani abokin nasa, Nafi'u mai gidan gem, inda samari ke wasan kwamfuta, ba don roƙo ba, don dai ya samu inda zai zauna. Nafi'u yana da wata kwamfuta da ya daɗe yana tarawa, yau ya sayi wannan, baɗi ya sayi wancan, har ta cika. Gimbiya yake ce mata. A bakin ƙofa yake ajiye ta tana sauya launi, samari suna zuwa kallonta kafin su zo wasa, kuma a yammacin nan ne za a buga gasar ƙwallo a kanta, an cika shago har waje.

"Yaya aikin Hajiya, Injiniya?"

"An gama tun jiya. Hutawa nake ba ta."

Nafi'u ya dube shi. Tun suna yara ya san in Sallau yana cika baki yana kuma murza yatsun hannu, to ruwa ya ƙare wa ɗan kada. Ya matsa masa har ya faɗi gaskiya. Nafi'u ya dubi Gimbiya, ya dubi samarin da suka cika masa shago. Sai ya tashi, ya kashe ta a gaban kowa, ya kwance gilashinta, ya zare hab ɗinta da rimot ɗinta ya sa a aljihu. In babu hab, fankokinta ba za su juya ba, in ba su juya ba kuwa ba a isa a kunna ta ba. Gasa ta watse. Samari suka yi masa ihu, suka ɗunguma zuwa shagon wani a tsallaken titi, wasunsu har yau can suke zuwa. Nafi'u ya lulluɓe Gimbiya da zanen gado, ya rufe ƙofa, ya ce, "Mu je, kafin in dawo cikin hankalina."

A zauren Sallau, Nafi'u ne ya haɗa komai. Masu baƙin tef a layinsu, masu farin zare a nasu. Babbar wayar hab ya kai ta tukunyar wuta. Wata siririya ya sa ta a soket mai wushirya, don launi ya zama baki ɗaya. Wata kuma ya kai ta soket ɗin fanka na jikin allo, don allon da kansa ya riƙa ba da umarni, in zafi ya taso su ruga, in ya kwanta su koma raɗa. Ya ce, "Bismillah, danna."

Jama'a, na ga wutar biki, na ga ta gidan mai, na ga ta motocin Jibrin, amma irin wannan sai wanda ya gani. Zobe goma suka buɗe ido lokaci ɗaya. Shuɗi ya taso daga ƙasa ya bi gefe ya hau sama, kore ya biyo shi, ja ya kore su duka. Aka danna rimot, goman suka tsaya cak a kan ruwan goro kamar ɗalibai sun ga hedimasta. Sallau ya yi rawa, ya yi guɗa kamar tsohuwa, sannan ya tuna da Gimbiya a ƙarƙashin zanen gado, idonsa ya kawo ruwa. Ya jawo Nafi'u. "Mutumina, in Allah ya sauki Balaraba lafiya, in namiji ne, Nafi'u ne sunansa. Amma kada kowa ya ji." Nafi'u ya ce ba don haka ya yi ba, amma tun daga ranar ya fara tsayawa a gaban masu sayar da kayan jarirai.

Asabar ta zo da zafin bazara irin wanda kaza ke buɗe baki. Bayan azahar aka girke kwamfuta a shagon Hajiya, maƙwabta suka cika, har da masu wucewa. Hajiya ta sa aka ɗora bidiyon wani biki mai tsawo, kwamfuta ta fara haɗawa. Sallau kuwa ya ɓoye rimot a aljihun wando, ya tsaya gaban gilashi ya ce muryarsa take ji. "Ja!" ta yi ja. "Kore!" ta yi kore. Wata tsohuwa ta ja da baya tana neman tsari. Yana cikin bayanin yadda ya koya mata Hausa, sai fankoki suka ɗauki kuka kamar jirgi zai tashi, hoto ya fara tsalle, ya daskare a kan fuskar wata ƙawar amarya baki buɗe da lomar shinkafa. Ɗif, komai ya mutu.

"Wuta aka ɗauke," in ji Sallau.

Hajiya ba ta ko dube shi ba. Ɗaga ido kawai ta yi ta dubi fankar silin, wadda ke ta juyawa abinta. Ta taɓa gilashin akwati ta janye hannu da sauri. "Kwashe filayarka, ɗan nan," in ji ta. Sallau ya tsaya yana kallon akwatin. A idonsa ba akwati yake gani ba, zauren Baba Mamuda yake gani, da kansa a tsugune a ciki shekara da shekaru.

Sai aka ji ƙwanƙwasar sanda a bakin ƙofa. Haladu ne, mai sayar da turare a shagon da ke jikin na Hajiya, abokin Sallau na uku. Ƙyanda ta tafi da idanunsa tun yana ƙarami, ta bar masa kunne da hanci da kuma bakin da ko Sallau yana shakkarsa.

"Hajiya, ni ban ga wutar da ake ta yi wa kabbara ba, amma na ji shirun da ya biyo baya. Ki yi mini alfarmar maƙwabtaka, a bar ta ta huce a sake kunnawa sau ɗaya. In ta sake mutuwa, ki haɗa ni da shi ki daina gaishe mu."

Hajiya ba ta taɓa ƙin maganar Haladu ba, ta ce to. Da aka kunna, kowa ya koma kallon launi, shi kuwa ya miƙa wa wani sandarsa ya bi akwatin da tafin hannu. Ya taɓa sama, iska mai zafi tana fita. Ya taɓa baya, tana fita. Ya zagaya gefe, tana fita. Ya durƙusa ya zura yatsu ta ƙasa, nan ma fita take yi.

"Injiniya, fanka ta ina take hurawa, ta fuska ko ta ƙeya?"

"Ta ƙeya mana. Wannan ai ko ɗan aji ɗaya ya sani."

"To ƙeyar wacce ce ke kallon ciki?"

Sallau ya leƙa ta gilashi. Gaskiyar ita ce, da yake ɗaure fankokin, kowace ya juyo da kyakkyawar fuskarta ciki, inda za a gan ta ta gilashi, don bayan fanka muni gare shi, ga sanduna ga takarda. Goman duka suna korar iska waje, ba ko ɗaya mai shigo da ita. Mutane suka fara musu, wani ya ce ai fanka fanka ce. Haladu ya aika aka ɗauko masa turaren tsinke daga shagonsa, ya kunna. "Tun da ku sai kun gani kuke yarda," in ji shi, ya zagaya da shi jikin akwati. Ta ko'ina ya kai, hayaƙi gudu yake yi baya. "Gida ɗaya, mutum goma masu kora, ba mai cewa sannu da zuwa. Ko ni aka yi wa haka ai suma zan yi. Juya na ƙasa da na gefe su jawo, ka bar na sama da ta baya su fitar. Zafi dama sama yake nema, ku tambayi kaskona."

Sallau ya kwance shida ya juya su, yana yi yana ƙunƙunin an ɓata masa ado. Aka sake kai tsinken turare ƙasa, sai ga hayaƙi ya miƙe ya shige ciki, ya ratsa ta cikin koren haske, ya fito ta sama. Aka ɗora bidiyo daga farko. Kamu ya wuce, ƙawar amarya ta haɗiye lomarta, aka kai amarya, aka yi buɗar kai, kwamfuta ko tari ba ta yi ba, shago kuma ya cika da ƙamshi. Hajiya ta nuna kujera da baki ta ce, "Jibi da safe. Kuma ka ciro mini rimot ɗina daga aljihunka."

Kun riga kun san abin da ya faru a bayan shago. Sallau ya rungume Haladu, ya kai baki kunnensa. Haladu ya ce, "Ka tabbata? Ni fa ba na mantuwa." Sallau ya ce ya tabbata.

Baba Mamuda ya zo da kansa ya ga ƙofa, ya ga kujera, ya ga surukinsa a kai, ya gyaɗa kai ya ce bayan arba'in a zo a ɗauki Balaraba. Ba a daɗe ba ta sauka lafiya. Aka yi wa Sallau waya yana wurin aiki, ya yi hamdala, ya ce, "Ya jikin ƴar tawa?" Aka ce masa wace ƴa, namiji ne, ƙato, mai kama da shi har baki. Tsofaffin da suka duba ciki suka ce ai dama sun faɗa.

Ya je ya yi wa yaro kiran salla a kunne. Da aka tambaye shi suna, ya ce sirri ne sai ranar. Satin nan kaf bai bi ta garejin Jibrin ba, bai bi ta gidan gem ba, shagon Hajiya ma ta ƙofar baya yake shiga yana tafiya da sanɗa, ya manta Haladu da kunne yake gane takunsa.

Ranar suna da safe aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan Baba Mamuda. Ga liman, ga goro da dabino, ga rago a ɗaure, ga wanzami yana wasa aska. Sai ga Jibrin da sabuwar shadda, yana ɗauke da ƴar fitila mai siffar wata da ya haɗa da hannunsa, ya ce ta takwara ce. Kafin ya zauna sai ga Nafi'u da jaka cike da kayan jarirai, ya ce a shiga da su wurin takwaransa. Suka dubi juna. Suna cikin kallon sai ga sanda tana ƙwanƙwasa, Haladu ya iso da kwalbar turare mafi tsada a shagonsa, yana tambaya, "Ina ƙaramin Haladu yake, an yi masa wanka?"

Duk ido ya koma kan uban yaro. Sallau ya tuna wai ya bar wani abu a kunne a shago, ya miƙe a hankali. Bai kai ga takalmansa ba ya ji an riƙe masa bayan riga. Baba Mamuda ne, gemunsa yana rawa don dariyar da yake dannewa.

"Zauna, Injiniya. Nawa ka yi wa alkawari?"

"Baba, ai tsofaffi ne suka ce mace ce."

Dariya ta ɓarke har cikin gida, inda aka jiyo muryar Balaraba tana cewa ita dama ta san za a rina. Wani ya ce a haɗa wa yaro sunayen uku. Liman ya ce rago ɗaya ya gani a ɗaure, suna ɗaya zai raɗa. Wani ya ce biyu su haƙura su jira na gaba. Jibrin ya ce shi ɗan fari aka yi masa alkawari. Nafi'u ya ce shi ma. Haladu ya ce wanda ya yarda ya jira alkawarin Sallau na gaba, shi ne makahon gaske. Ba wanda ya ɗaga murya, ba wanda ya tashi, ukun ma a tabarma ɗaya suka zauna suna cin dabino daga faranti ɗaya, amma ba wanda ya janye.

To ga yadda abin yake.

Jibrin ya riga kowa. Ba don ya damƙe allura da tafinsa ba, da wutar fankokin nan ta ƙone tun ranar farko, da babu abin da Nafi'u zai jona, babu abin da Haladu zai shafa. Tabon yana nan a hannunsa, duk wanda ya gaisa da shi zai ji.

Nafi'u shi ne ya yi rashi. Ilimi kaɗai bai isa ya juya fanka goma ba sai da hab, kuma babu wata a garin sai wadda ke cikin Gimbiya. Ya kashe abin da ya fi so a gaban jama'a, ya rasa gasa, ya rasa samarinsa, bai kuma taɓa cewa a dawo masa da kayansa ba.

Haladu kuwa ya zo ne bayan an riga an kori Sallau. Aikin Jibrin da kyautar Nafi'u duk sun tafi a banza a wannan lokacin. Shi ne ya jingina mutuncinsa a gaban Hajiya aka sake kunnawa, shi kuma ya gano abin da shago cike da masu ido bai gano ba.

Rana tana ɗagawa, rago yana kuka, wanzami ya gaji da wasa aska. Liman ya karkato da kunnensa wajen bakin Sallau yana jira, Baba Mamuda bai saki riga ba, bakin nan kuma da bai taɓa rasa abin faɗa ba ya bushe ƙaf.

To, ku da kuka ji daga farko, in ku ne a tabarmar nan, sunan wa za a raɗa wa yaron: Jibrin, Nafi'u, ko Haladu?